Yaushe Za Ki Kashe Uwar?

Litinin, 5 ga Fabrairu

Philippa ta kira daga Toronto. Ta karanta babi ukun da na aika mata na littafi na biyar. Ta yaba dodon, ta yaba ganuwar garin, ta ce wurin da yarinyar ta saci takobin maƙeri ya sa shayinta ya huce ba ta sani ba. In edita ta jero yabo uku, to ki gyara zama. Sai ga shi: "Dagny, ƙawata, uwar nan fa har yanzu tana numfashi. Yaushe za ki kashe ta?"

Na ce ina tunani. Ta ce in gama tunanin kafin shafi na goma.

Ba ita ta ƙirƙiro ba, ƙa'idar sana'ar ce. In kina rubuta wa 'yan shekara goma zuwa sha uku labarin zamanin barade da sulke da dodanni, sai kin kawar da uwa kafin yaro ya samu ƙofar fita. Na kashe huɗu. Ta farko annoba, ta biyu kogi ya ci ta, ta uku gobarar gidan niƙa, ta huɗu dodo ya haɗiye ta har da kwandon wankinta, kuma wannan ya fi duka kasuwa. Na ƙarar da ƙuruciyata ina digirin digirgir a kan ƙauyukan Ingila na ƙarni na sha huɗu. Ga inda ya kai ni.

Thora tana teburin kicin tana cin burodi da man gyaɗa, ta ji komai. Ba ta ko ɗago ba ta tambaya wannan karon me zai ci uwar. Na ce ban yanke ba. Ta ce in gwada kyarkeci. Shekararta sha biyu. 'Yata ce, ba shakka.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na manta ban jona abin ɗumama injin motar da wuta ba jiya, sanyi ya sa ta ƙi tashi. Winnipeg. Kakannina sun ƙetare teku guda suka zaɓi nan, da hankalinsu.

Talata, 13 ga Fabrairu

Makarantar su Thora ta gayyace ni watan karatu. Na yi yawon makarantun lardin nan kaf, ita ce kaɗai ban taɓa shiga da alkyabbata ta barade da ƙahona ba. Thora ta roƙe ni abu biyu: kar in busa ƙahon, kar in nuna na san ta. Na ce ƙahon yana cikin abin da suka gayyata.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

An yi. Zauren motsa jiki, yara zube a ƙasa, warin safa da ɓawon lemo. Alkyabba, takobin katako, ƙaho. Na gaya musu yadda ake zuba kashi ta ramin bangon fāda ya faɗa cikin ruwan da ya kewaye ta, wanda shi ne kaɗai abin da suke riƙewa daga duk karatuna.

Lokacin tambayoyi wata mai ƙarfe a haƙora ta ɗaga hannu: me ya sa iyaye mata suke mutuwa kullum a littattafaina? Kowace makaranta sai an yi wannan tambayar, amsar kuwa ta zauna mini a baki kamar waƙa. Na ce: "Saboda uwa za ta ce ki sa hula, ki dawo kafin duhu. Wa ya taɓa kashe dodo ya dawo kafin duhu? Yaron da uwarsa ke kusa ba shi da labari."

Dariya har malamai. Kullum haka ake yi.

Sai bayan na rufe baki na tuna wace makaranta nake. Thora tana can wajen bango, ta sa gwiwoyinta cikin rigar sanyi. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Kallon wanda aka ba shi adireshi yana haddacewa.

Lahadi, 10 ga Maris

Lorne, baban Thora, ya kira, kuma ba ranar kiransa ba ce. Tun da muka rabu ya koma Halifax yana gyaran jiragen ruwa na katako, maganarsa ta ƙara nauyi, kamar kowace kalma sai ya goge ta da takardar yashi. Ya tambayi sanyi. Ya tambayi littafi. Na ce Lorne, faɗi abin da ya kawo ka.

Thora ta tambaye shi ko za ta iya komawa wurinsa in an buɗe makaranta a Satumba. Ba hutu ba. Zama.

Ya rantse ba shi ya sa mata ba, na kuma yarda, don Lorne bai taɓa sa wa kowa komai a rai ba, har da ni. Ya ce akwai ɗaki, akwai makaranta kusa, akwai ƙungiyar yara masu koyon tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Ya ce, "Dag, ta ji tsoron gaya miki." Na ce ai ni dodo ce, kowa ya sani.

Na ajiye wayar na wanke tukunyar da take a wanke.

Laraba, 13 ga Maris

Na tayar da maganar a mota, inda ba mai kallon wani. Ta ce ba guduna take ba. Na ce to me ake kiran tafiyar rabin ƙasa, miƙe ƙafa? Muka wuce gada. Daga nan abin ya fito guntu-guntu. Wai a gidan nan kafin ta yi abu na riga na san yadda zai ƙare. Wai in tana ba ni labari fuskata tana yin wani abu, kamar ina ajiyewa. Wai faɗan da ta yi da ƙawarta a aji huɗu yana cikin littafi na uku, kalma da kalma, sai dai na sa su a bakin 'ya'yan sarki, kuma duk ajin sun gane.

Na ce ai na canja launin gashin. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Na sani: yana da daɗin faɗi.

Talata, 26 ga Maris

Lauya. Mace mai kirki, takalmi mai tsada. Ta ce in na ƙi, da wuya a ɗauke ta: nan ta tashi, nan makarantarta, nan likitanta. Ana jin ta bakin yarinya mai sha biyu, amma ji kawai ake yi. Ta ba da shawarar mu fara zuwa wurin mai sasanci, don ya yi kyau a ido.

Zan ci, ke nan. Na fito ina jin kamar na ci gasar cin yashi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Mai sasanci tana da murya irin ta masu lallashin kare. Kwanon alewa a tsakiyar tebur, kwalin takardar share hawaye an turo shi ɓangarena tun kafin in zauna. Lorne ta bidiyo a allon bango, rabin fuskarsa, bayansa wani jirgi a kife.

An shigo da Thora daga ƙarshe. Matar ta tambaye ta, a hankali, me take ganin za ta samu a can da babu a nan. Thora ta dubi kwanon alewa ta ce: "Mama ce ta faɗa, a gaban duk makarantarmu. Yaron da uwarsa ke kusa ba shi da labari."

Matar ta juyo ta tambaye ni ko na faɗi haka. Na ce wasa ne, na sana'a. Ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da aka koya mata a kwas. Lorne ya duƙar da kai, rabin fuskar ma ta ɓace.

An yi min kisa da takobina, kuma riƙon ya yi kyau. Har da ɗan dakatawa kafin kalmar ƙarshe, yadda nake yi.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na aika wa Philippa sabbin babi. Uwar tana raye. Yarinyar ta gudu duk da haka, sai ƙwarƙwata, sai gudawa daga ruwan rafi, sai yatsun ƙafa biyu da sanyi ya cinye, wani ɗan kasuwa ya sace takobin tun a kwana na biyu. Duk gaskiyar tarihi ce, zan iya kawo hujja a kan kowace ƙwarƙwata. Ta dawo gida a babi na bakwai tana kuka.

Philippa ta kira. Ta ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba littafi ba ne, gargaɗi ne. Wa kike wa?"

Litinin, 29 ga Afrilu

Asibiti sun kira, in koma a sake hoton nono na gwajin ciwon daji. Matar ta ce kar in damu, na motsa ne hoton bai fito ba, babu abin da aka gani.

Da muna cin abincin yamma na ce, kamar ina neman gishiri: asibiti sun ce in koma a sake hoton nono.

Na tsaya nan.

Aikina ke nan, sanin inda ake yanke babi. Ban yi ƙarya ba. A kawo kowace kalma a duba. Thora ta ajiye cokali, ta tambaya yaushe. Na ce mako mai zuwa, ci abincinki.

Laraba, 1 ga Mayu

Ta kira babanta da kanta ta ce ta fasa. Lorne ya turo saƙo yana tambaya ko lafiya. Na ce yara ke nan, yau nan gobe can.

Talata, 7 ga Mayu

An sake hoton. Babu komai, kamar yadda aka ce. Zan gaya mata. Ba yau ba, tana da jarrabawar lissafi.

Lahadi, 19 ga Mayu

Gidan ya yi tsaf. Tana wanke kwanoni ba a sa ta ba. Tana fitar da shara. Na ce ta ɗauki rigar sanyi don yamma, ta ɗauka, ba gardama, ba murguɗa baki. Rabon da ta yi min tsiya tun watan jiya. Na jefa mata magana ɗazu da gangan, irin wadda da sai ta rama da biyu, ta ce to, Mama.

To, Mama. Wannan yarinyar da na ci a yaƙi ban san ta ba.

Kuma tana kallona. In na hau bene tana saurare ko na tsaya a tsakiya. In na bar abinci a faranti tana gani. Na kama ta tana karanta jikin kwalbar maganin ciwon kai. Fuskarta tana yin wani abu, kamar tana ajiyewa. Yanzu na san yadda abin yake daga wancan ɓangaren, ba daɗi.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ban rubuta komai ba sati biyu. Uwar tana tsaye a babi na uku da tsintsiya a hannu, tana jiran in yanke mata hukunci.

Asabar, 8 ga Yuni

A babban kanti, layin fulawa da shinkafa. Na sunkuya zan ɗauki buhun dankali, ta riga ni, ta ce kar in ɗauka, ita za ta ɗauka. Buhun ya kusa kai rabinta. Na ce Thora, ba gurguwa ba ce ni. Ta rungume shi a ƙirji, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, tana kallon farashin shinkafa:

"A littattafanki sai uwa ta mutu ake tafiya. Na ce ina so in tafi, sai ga asibiti. Ni ba na so ki mutu. Na fasa, ai na fasa, me kuma kike so?"

Ashe haka ta haɗa lissafin. Ba tausayina take ji ba. Gani take ita ta jawo.

Na ce babu komai a jikina. Na ce tun farko babu komai, na motsa ne, kuma sun gaya min haka a wayar farko. Ta tambaya tun yaushe na sani. Na faɗa mata. Na ga tana ƙirgawa.

Ta ajiye buhun a ƙasa a hankali. Na ce, "Ki tafi wurin babanki. Ba sai na mutu ba." Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, wani tsoho mai tura keken kaya ya tsaya.

Ta ce, "Mutane na kallo." Ta fita ta jira ni a jikin mota. Ni na ɗauki dankalin.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ba ta yi min magana ba. Kwanonin suna nan a jiƙe tun jiya. Ban taɓa jin daɗin ganin ƙazanta haka ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Na gaya wa Lorne duka. Sai ya ce, "Haba, Dag." Shi ke nan. Da ya zage ni da na samu abin ramawa.

Na sallami lauya. Ta ce in na sake shawara tana nan. Takalmin wani ne daban yau.

Juma'a, 21 ga Yuni

Faɗa da Philippa, awa guda. Na ce uwar ba za ta mutu ba, kuma yarinyar za ta tafi. Ta ce to me zai sa uwa mai hankali ta bar 'yar sha biyu ta bi hanya? Yara ba za su yarda ba, iyaye masu saye ma ba za su yarda ba.

Sai malamar jami'ar da na binne ta tashi. Na ce Philippa, a ƙauyukan nan haka ake yi. Yarinya ta kai sha biyu, sha uku, a tura ta wani gida ta yi aiki ta koyi sana'a, wani lokaci garin da uwar ba za ta taɓa gani ba. Ba annoba, ba dodo. Uwar da kanta take neman gidan, ta ɗinka rigar, ta raka ta bakin gari, ta koma ta tatsi saniya. Na karanta irinsu ba iyaka a takardun kotunan ƙauye, har na rubuta babi guda a kai. Mu ne muke kashe su, don ba mu san abin da za mu yi da su ba bayan an rufe ƙofa.

Ta ce, "To me take yi bayan an rufe ƙofar?"

Na ce tana tatsar saniya.

Ta ce shafi biyu ta ba ni, ban da saniyar. Wai yara za su tsallake. Na ce su tsallake, ai ba su aka rubuta wa ba. Ta ce kar in sake faɗin haka inda mutanen talla za su ji.

Litinin, 15 ga Yuli

Sauro sun fito. Thora tana magana da ni yanzu, irin maganar da ake yi da direban bas: ina takardar allurata, wa zai kai akwatin. Na tambaye ta ko za ta karanta sabon babin, tunda ita ke fara karanta min komai tun tana aji biyu. Ta ce ba ta karanta irin waɗannan yanzu, na yara ne.

Na samu amsa mai kyau ƙwarai. Na haɗiye ta. Tana nan har yanzu a maƙogwarona.

Talata, 27 ga Agusta

Filin jirgi. An rataya mata kati a wuya irin na yara masu tafiya su kaɗai, ta tsane shi. Ta bari na rungume ta, hannuwanta a gefe. Da ma'aikaciyar ta zo tafiya da ita sai ta juyo ta ce, "In kin je asibiti, ko na haƙori ne, ki faɗa min duka. Har ƙarshen maganar."

Na ce to.

Ban ce ta sa hula ba. Agusta ne, ba sanyi, ba wani abin yabo.

Alhamis, 5 ga Satumba

Kira na minti kaɗan. Makaranta lafiya. Abinci lafiya. Baba lafiya. Sai anjima.

Ba na shiga ɗakinta. Ba don wani abu ba, ba abin da zan ɗauko.

Laraba, 25 ga Satumba

Jiya ta kira da kanta, ba Lahadin da muka saba ba, ba a sa ta ba. Wai jirginsu ya kife a bakin gaɓa, ita da wata yarinya mai suna Mairead, suka sha ruwan gishiri, malamin ya yi ta ihu, takalminta ɗaya ya tafi Turai. Labarin ba kai ba gindi, ta fara daga tsakiya, ta koma baya, ta manta sunan malamin, ta ɓata mafi kyawun wurin da dariya. Kowace edita za ta yanke rabinsa. Ta daɗe tana yi. A ƙarshe ta ce, kar ki sa wannan a littafi. Na ce wane littafi zai karɓi labari mara tsari haka. Ta ce, "Mama, ke muguwa ce." Da muryarta ta da.

Ban rubuta shi ko'ina ba. Nan ba ya cikin lissafi.

Yau da safe na duba yanayi a waya kamar kullum, na ga ruwa da iska, na sa doguwar riga na ɗauki lema na tafi ɗakin karatu. Rana ƙwal, sama wasai, ko gajimare ɗaya babu. Sai a tashar bas na gane garin da na duba: Halifax.

Na riƙe lemar dai. Nauyinta ba yawa.